Tiyar Kabo da Dokinsa Danda

Kwana uku da rasuwar Kabo mai gyaran tiya, dokinsa Danda bai sa ƙwayar hatsi a baki ba. Rahmatu, matar marigayin, ta zuba masa dawa sau biyar cikin kwanakin nan, da kwanon awon da maigidan ke zuba masa, a komin da ya saba ci, a lokacin da ya saba. Duk sau biyar ɗin abu ɗaya ya yi. Ya sunkuya ya dubi dawar, ya ɗago ya dube ta, ya buga ƙafar dama ta gaba a ƙasa sau biyu, sannan ya kau da kai wajen katanga.

Da a wani gari ne, cewa za a yi baƙin ciki ne, a tausaya wa dabba a wuce. Amma a Dungun Hamma babu wanda bai san ma'anar bugun ƙafar nan ba. Ma'anarsa awo bai cika ba. Karo na biyar ɗin kuma a gaban mata goma sha huɗu ya yi shi, 'yan zaman makoki, waɗanda kowaccensu ta hau gyaran mayafin da bai goce ba. Kafin azahar magana ta fita zaure, kafin la'asar ta kai bakin kasuwa. Wai mutumin da ya shekara goma sha takwas yana daidaita wa gari awo, tiyar gidansa tauyayyiya ce.

Sai an san Kabo da dokinsa kafin a gane nauyin wannan magana.

A nan Dungun Hamma aka haife shi, ƙaramin gari ne, kilomita goma sha tara daga Daura in ka bi hanyar Mashi ka saki kwalta. Shekarar haihuwarsa babu wanda ya rubuta. Shi dai da ya kai sittin da takwas sai ya tsaya, ya yi shekara huɗu a nan, duk wanda ya tambaye shi, sittin da takwas. Mahaifinsa maƙerin fartanya ne da garma, amma Kabo tun yana saurayi ya ce baƙin ƙarfe gardama gare shi, ya koma wa kwano. Liƙe bokiti da dalma, ɗora wa buta hannu, sake wa tukunya gindi, buga tiya sabuwa daga fallen kwano, wannan shi ne aikinsa. Kayan aikin bakwai ne, in ka haɗa da guntun ƙarfen da yake bugu a kai, kuma duk suna shiga mangala guda.

Doki kuwa tun kafin aure ya mallaka. Ranar da aka kawo Rahmatu, shekara arba'in da ɗaya kafin rasuwarsa, ta tarar rumfar doki da sabon jinka, ƙofar ɗakinta kuma sai an jingina mata turmi take tsayuwa. Ba ta yi fushi ba, ta dai lura, don ita mace ce mai lura. A zamansu ta ƙirga masa dawaki huɗu, Akawal da Bidi da Gunya, sai Danda. Ta ƙirga masa faɗuwa uku, duk daga kan Akawal, duk kuma ya ce sauka ya yi da sauri. Ta ƙirga sau sittin da biyu tana ɗinke masa aljihun dama, wanda ɓeraye suka ƙware a kansa suka bar na hagu. Ta kuma lura duk inda ya zauna sai kaji sun kewaye shi, har mutane na cewa farin jininsa ya kai ga tsuntsaye.

Kwana biyar a mako yana zagaya ƙauyuka bakwai. Talata ya zauna kasuwar gari. Juma'a ya wanke doki, ya wanke kansa, a jere haka. Da babura suka cika duniya, Lawal, mijin 'yarsa Asma'u, ya kawo masa guda kyauta. Sau ɗaya ya hau. Da ya zo kwanar gidan liman ya ja kan babur baya kamar linzami, ya yi masa magana, babur bai ji ba, suka shiga dangar liman su biyu. Ya turo shi gida, ya ɗaure a turke kusa da doki, ya ce a bar shi nan ya ga yadda ake yi. Wata goma sha ɗaya babur na kallon doki kafin Lawal ya zo ya kwance abinsa.

Butocin ƙarfe na masallacin Juma'a talatin da ɗaya ne, babu wadda ba ta bi ta hannunsa ba, kuma bai taɓa karɓar ko ɓarin goro a kansu ba. Sau tara ya ɗauko mara lafiya daga ƙauye zuwa bakin kwalta, mara lafiya a sirdi, shi a ƙasa yana jan ragama. In tsohuwa ta kawo masa kwanon da ya mutu murus, ba ya cewa ya mutu. Sai ya ce kwanon ya gaji ne, a bar shi ya kwana biyu a wurinsa, ya mayar mata da wani mai kama da shi ya ce ga shi ya murmure.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, abu biyu suka sami Kabo. Na farko wa'azi ne. Liman Sha'aban ya yi huɗuba kan masu leƙen gidajen mutane, yana nufin wasu masu hawa tsamiya ba don tsamiya ba. Kabo, da yake shi kaɗai ne mahayi a gari, kuma daga kan sirdi babu katangar da ta fi shi tsawo, sai ya ɗauka da shi ake. Liman ya rantse masa ba shi ba ne, bai yarda ba. Daga ranar, da ya shigo gari sai ya ja malafa ya rufe fuska, ya sunkuyar da kai, ya bar wa doki ganin hanya. Mata su miƙo kwano ta saman katanga, ya laluba ya karɓa.

Na biyu tiya ce. Dattawan gari suka ce tun da an ce shari'a, to a fara da mudu. Suka kafa kwamitin mutum biyar. Liman ya je Daura da kansa ya sayo tiya guda wadda malamai uku suka shaida cikakkiya ce, aka kira ta uwar tiya, aka ba Kabo ajiya, kowane ma'auni ya kawo tasa a gwada da ita. Shi kuwa Kabo, don kada kayan jama'a su zauna banza, da ita yake auna wa sabon dokinsa Danda dawar safe. Wata bakwai ana haka. Sai wata Talata da kaka, motar shanu da ta fito daga Mai'aduwa ta yi baya a bakin kasuwa, ta bi ta kan mangalar Kabo. Da aka zaro uwar tiya, ta zama faifai.

Kwamiti ya zauna. Biyu suka ce a koma Daura. Biyu suka ce cikin malamai ukun nan ɗaya ya rasu, ɗaya ya ƙaura, ina za a sami shaidu. Kabo ya nemi izini ya ce akwai wanda ya san cikin tiyar nan fiye da malaman, don sau ɗari biyu da goma yana cinye ta. Aka yi dariya. Aka kuma ce a gwada, don a ga ƙarshen dariyar. Harisu, shugaban ma'auna, wanda kowa ya san gindin tiyarsa na da ɗan tudu daga ciki, ya cika ta ta yi tozo, ya juye a komi. Danda ya duba, ya dube shi, ya buga ƙafa sau biyu. Kabo ya karɓi tiyar ya buɗa cikinta da guduma, aka sake. A gwaji na uku doki ya sa baki. Kasuwa ta ɗauki kabbara.

Daga nan tsari ya kafu. Ranar Talata ba a ba Danda dawa a gida, da yunwarsa yake zuwa kasuwa, ma'auna su yi layi. Wanda tasa ta gaza, Kabo ya buɗa ta a sake. Wanda tasa ta cika, doki ya cinye, gwaji ya tashi sai mako mai zuwa, don mai hukunci ya ƙoshi. Wannan ya jawo wani irin ladabi a layin Dungun Hamma da babu shi ko'ina, inda duk mai shakkar tiyarsa shi ne mai ce wa mai gaskiya ya wuce gaba, ai ya girme shi. Kabo ya gano, ya koma fara kira daga ƙarshen layi.

Kowace kaka Kabo kan buga wa gidansa sabuwar tiya, daidai da waɗanda doki ya amince da su a kasuwa, don kada ya zama yana gyara na mutane nasa na baya. Kuma kowace shekara, 'yan makonni bayan kaka, sai tiyoyin kasuwa su gaza kaf, har waɗanda suka ci gwaji bara. Aka yi shawara aka tsaya kan cewa sanyi ke tsuke ƙarfe. Kabo da kansa ya yarda da haka, ya yi ta bugu, wadda ta yi siriri ya ƙara mata baki. Mata suka fara kukan tukwanensu sun yi kaɗan, ya ƙara wa tukwane baki su ma. Duk wanda ya je Daura kuwa sai ya dawo yana girgiza kai, yana cewa tiyar birni kullum ƙanƙancewa take, Allah ya shirya mutanen zamani. Harisu shi kaɗai sau ashirin da uku aka buga masa ƙafa. Ya rantse tun daga karon farko bai ƙara taɓa gindin tiyarsa ba, babu wanda ya yarda.

Ranar wata Lahadi bayan la'asar Danda ya shigo gari da Kabo, malafa a fuska, kai a sunkuye, kamar kullum. Ya tsaya a ƙofar gidaje shida inda aka saba miƙo kwano. Mutum goma sha ɗaya suka gaishe shi, uku daga ciki har yau cewa suke ya amsa. Wata mata da ta ga bai miƙo hannu ba ta rataya masa buta a gaban sirdi. Doki ya shiga gida ya tsaya a turke. Rahmatu ta yi masa sannu da zuwa sau biyu, ta ajiye ruwa, kaji suka taru. Sai ta lura bai cire malafa ba, shi da ke cire ta tun daga zaure. Da mutum huɗu aka sauko da shi. Liman ya ce alamu sun nuna tun a hanya ne, kuma ya ce bai taɓa ganin wanda rai ya bari sirdi bai bari ba sai shi.

To wannan mutum ne ake cewa tiyarsa tauyayyiya ce.

A kwana na huɗu Harisu ya zo ta'aziyya karo na biyu, da tiyarsa a hammata. Ya roƙi a fito da doki ƙofar gida, wai tausayin dabba ya hana shi sukuni. Rahmatu na takaba, ba ta fita, amma daga bayan ƙofar zaure ta ji komai. Ta ji zubar dawa a komi, sannan ta ji abin da ta kwana uku tana roƙon ji, wato haƙoran Danda suna tauna. Aka juye cikin tiyar Harisu a tiyar gidan Kabo, ta cika ta zube. Harisu bai ɗaga murya ba. Ya dai ce a hankali, to da wannan marigayi ke fitar da zakkar fidda kai kenan, shi da iyalinsa, yayin da yake sa wasu suna auna wa jama'a da ƙwarya. Wani ya tambaya me ya sa dokin ke ci in Kabo ne ya zuba. Harisu ya ce ai a fili take, bakinsu ɗaya. Liman ya ce a bar maganar nan, bayan addu'ar bakwai kwamiti zai zauna a zauren nan ya yanke.

Kwana uku kenan gare ta. Rahmatu ba ta yi kuka a kan wannan ba, kukan wani lokaci ta ware masa. Tambayar mutumin nan ce ta tsaya mata. Shekara goma sha takwas tana gani da idonta, maigidan ya zuba da tiyar gida, doki ya ci bai taɓa buga ƙafa ba. Tiyar tana nan, dawar buhu ɗaya ce, komin shi ne. Cikin abu huɗu, uku ba su sauya ba.

A kwana na biyar ita da Asma'u suka fito da tufafinsa don a haɗa da kayan gado. Riguna tara ne. Asma'u ta ɗaga ta farko ta kakkaɓe, sai dawa ta watsu a daɓe, kaji bakwai suka shigo ɗaki a guje ba sallama. Rahmatu ta karɓi rigar ta juya aljihun dama. Ta ɗauki ta biyu. Ta uku. Duk tara, aljihun dama da sauran dawa, na hagu fes. Ta zauna a bakin gado da rigar ƙarshe a cinya. Kowace safiya, in ya juye tiya, sai ya ce mata ta je ta dubo ruwan zafi, shi kuma ya matsa jikin dokin, ya ba ta baya, yana magana ƙasa-ƙasa. Ita ta ɗauka addu'a ce. Tana ganin hannunsa na shiga aljihu, ta ɗauka goro yake nema.

Washegari da hantsi ta juye tiya a komi, ta ɗebo damƙi guda ta ƙara. Danda ya duba, ya dube ta, ya buga ƙafa sau ɗaya. Sau ɗaya, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ta dubi hannunta, ta tuna faɗin nasa, ta ƙara rabi. Doki ya sa baki.

Asma'u ta fara murna. Rahmatu kuwa tsaye ta yi tana lissafi da yatsu, fuskarta na sauyawa. In a gida doki ya saba da tiya da damƙi, a kasuwa kuma gaban jama'a Kabo ba ya ƙara damƙin, don kada a ce ya sa hannu a hukunci, to kowace tiyar kasuwa sai an buɗa ta da damƙi guda kafin doki ya yarda. In kaka ta zo ya buga ta gida daidai da ta kasuwa, ya kuma ɗora mata damƙinsa. Doki ya saba da sabon. Kasuwa ta sake gazawa. Babu ruwan sanyi.

Ta aiki Lawal Daura, a kan babur ɗin nan da ya taɓa zama a turke, ya sayo mata tiya irin wadda kowa ke awo da ita. Da ya kawo, ta jefa ta cikin ta gida, ta zauna a ciki tana lilo. Ta auna bambancin da hannunta, damƙi ashirin da bakwai. Ta raba da ɗaya da rabi. Goma sha takwas. Shekara guda, damƙi guda.

Asma'u ta ce a rufe wannan. Ta ce gobe a ɓoye 'yar dawa a kusurwar komi, a zuba tiyar Baba a kai, doki ya ci a gaban kowa, magana ta mutu.

“Inna, yanzu da damƙi ɗaya ake zarginsa. In kika buɗe baki, goma sha takwas ne. Za a ce shekara da shekaru ƙarya yake bugawa da guduma.”

Rahmatu ta jujjuya tiyar Daura a hannu. Sannan ta ce maigidan sau ɗaya ya ɓoye dawa a rayuwarsa, a aljihu, ga inda ta kai gari. Ita ba za ta ɓoye ta biyu ba.

Bayan addu'ar bakwai zaure ya cika. Cikin kwamitin mutum biyar uku suka rage, sai Harisu da ma'auna goma sha biyu, da sauran jama'a har waje. Rahmatu ta zauna bayan ƙofar ciki, ta yi sallama ƙasa-ƙasa, ta roƙi liman ya karɓi saƙo daga hannun Lawal. Aka miƙa riguna tara ɗaya bayan ɗaya, liman na juya aljihu, dawa na zuba a tabarma. Ta roƙi a fito da doki, liman ya zuba da tiyar gida da hannunsa. Danda ya buga wa liman ƙafa sau biyu, ba kunya. Ta ce Allah gafarta malam ya ƙara damƙi guda. Ya ƙara. Doki ya ci.

Jama'a suka fara hamdala, wasu suna harar Harisu. Rahmatu ta ce da sauran magana. Aka miƙo tiyar Daura. Ta yi bayani daki-daki, kaka bayan kaka, har goma sha takwas, ba ta rage ko ɗaya ba. Ta ce mutanen Daura ba su tauye komai ba, a nema musu gafara. Ta ce sanyi ma a bar shi haka.

Doki na ta taunarsa. Harisu ya ɗauki tiyar Daura, ya ɗauki tasa, ya yi ta dubansu kamar uwa da 'ya. Da ya yi magana muryarsa ta yi ƙasa.

“Wato ni ban tauye ba.”

“Sau ɗaya ka tauye, Malam Harisu, na farkon,” in ji Rahmatu daga bayan ƙofa. “Sauran ashirin da biyun, ka yafe masa. Bai sani ba. Shi a wurinsa damƙin ba awo ba ne, gaisuwa ce.”

Harisu ya juya wajen liman. Ya ce shi tambaya gare shi ta ilmi. Mutumin da aka sa shi dole ya shekara goma sha takwas yana auna wa marayu da zawarawa da Fulanin daji fiye da hakkinsu, yana yi yana zage-zage a ransa, shin yana da lada ko kuwa dawar ta tafi a banza? Liman ya shafa gemu ya daɗe. Ya ce aiki da niyya yake tafiya, kuma niyyar Harisu a lokacin kowa ya ji ta. Amma in ya yafe yanzu da zuciya ɗaya, shi yana kyautata zaton ba za a bar shi haka ba.

Harisu ya rufe ido, leɓensa na motsi. Ma'auna sun san lissafin buhuna yake. Da ya buɗe ido ya ce arba'in da ɗaya, ban da gero.

“Kabo ya sa ni sadaka da guduma,” ya ce. Ya yi dariya, dariyar ta juye masa, ya ja bakin riga ya goge ido. Ya ce ya yafe, Allah ya jiƙansa. Ma'auna goma sha biyu suka bi, goma nan take, biyu sai da aka dube su.

Wata tsohuwa daga waje ta aiko a gaya wa kwamiti cewa ita shekara goma sha takwas tana karɓar fidda kai, kowace Sallah tuwonta na ƙara kaiwa kwanaki, ta ɗauka cikinta ne ke tsufa.

Kwamiti ya yanke a koma tiyar Daura, tun da ita ce daidai. Talata guda aka yi da ita. Mutanen Mashi da masu zuwa daga Nijar suka ɗaga ta suka juya, ɗaya ya tambaya ko ta awon magani ce. Matan gari suka aiko cewa tukwanensu ba su san ta ba. Kafin azahar Harisu ya kife ta, ya zaro tsohuwar tasa daga ƙarƙashin buhu. Liman ya sake zama da mutum biyun da suka rage masa, suka ce to a bar ta yadda take, a damƙi goma sha takwas, kada a ƙara kada a rage, kuma a riƙa kiranta da suna don kada baƙo ya ruɗe. Shi ya sa a kasuwar Dungun Hamma ba a cewa a ba ni tiya biyu. Tiyar Kabo biyu ake cewa.

Danda aka sallame shi daga aiki. Magada suka bar wa Rahmatu shi a cikin rabonta, ba wanda ya yi gardama. Ta gama takabarta, kwana ɗari da talatin, ba ta fasa masa damƙi ɗaya da rabi ko sau ɗaya ba, kuma ta koyi yi masa magana ƙasa-ƙasa, ko da yake ba ta san abin da maigidan ke gaya masa ba, labarin gari kawai take ba shi. Danda ya ƙara shekara biyu da wata uku a duniya.

Cikin wannan lokaci, kowace Talata in kasuwa ta tashi, Harisu kan biyo ta ƙofar gidan ya yi sallama, Lawal ko wani ya fito masa da doki. Ya sa hannu a aljihun dama ya fito da dawa, ya miƙa. Danda ya cinye tas, ya lashe masa tafi, ya ɗago ya dube shi, ya buga ƙafa sau biyu. Rahmatu daga cikin gida ta ƙirga Talata ɗari da goma sha shida, bai fasa zuwa ba, dokin ma bai fasa ba.